Kafin Mu Yi Wa Jiragen Ruwan Kebbi Manhajar Biyan Kuɗi, Mu Fara Ƙirga Mutanen Da Ke Ciki

Duk lokacin da bikin kamun kifi na Argungu ya ƙarato, sai ka ji matasa masu rubuta manhaja a Birnin Kebbi suna kawo shawara iri ɗaya: a yi manhajar da baƙo zai sayi tikitin kwale-kwale daga wayarsa, ya ɗora wayar a kan na'ura ta yi ƙara, ya shige, kamar yadda ake yi a Landan. Shawarar tana da daɗin ji, kuma wanda ya san aikinsa zai iya haɗa samfurinta cikin mako biyu. Amma a ganina ta fara daga inda bai kamata ba. Karɓar kuɗin fito bai taɓa gagarar matuƙin jirgi ba. Abin da ya gagare mu har yau shi ne sanin mutum nawa suka shiga jirgi, su wane ne, kuma jirgin zai iya ɗaukarsu ko kuwa a'a. Duk tsarin biyan kuɗin da bai amsa waɗannan tambayoyi uku ba, ado ne kawai.

Yadda ake biya a wasu biranen

Bari mu fara da wuraren da ake kwatance da su, don mu san me muke son kwafowa.

A Landan, jiragen fasinja na kogin Thames suna karɓar katin Oyster ko katin banki mai taɓawa. Ka taɓa a lokacin shiga, ka taɓa a lokacin fita, na'ura ta lissafa nisan tafiyarka ta cire kuɗin. A Istanbul ta Turkiyya, kati ɗaya mai suna Istanbulkart shi ne na bas, shi ne na jirgin ƙasa, shi ne kuma na jirgin ruwan da ke tsallakar da kai daga ɓangaren Turai zuwa ɓangaren Asiya. Baƙo yana sayen katin a na'ura, ya zuba masa kuɗi, shi ke nan. A nan gida ma Legas ta kama wannan hanya: katin Cowry da aka fara da shi a motocin BRT yanzu yana aiki a jirgin ƙasa na Blue Line da jiragen ruwan LAGFERRY, waɗanda ke zirga-zirga tsakanin tashoshi irin su Ipakodo a Ikorodu da Falomo a Ikoyi.

To amma ba ko'ina ne kati ke mulki ba. A Bankok ta Tailan, jiragen kogin Chao Phraya ana gane hanyarsu ne da launin tutar da ke bayansu, kuma kwandasta na bin fasinja yana karɓar tsabar kuɗi yana yaga tikiti. 'Yan kasuwarmu masu zuwa Dubai kuwa sun san abra, ƙaramin jirgin katakon nan da ke tsallakawa tsakanin Deira da Bur Dubai. Shekara da shekaru kuɗinsa dirhami 1 ne, a hannu kake miƙa wa matuƙi. Birni ne da ya fi mu fasaha nesa ba kusa ba, amma bai ga dalilin tilasta wa mai abra manhaja ba. Abin da aka tilasta masa shi ne adadi: kujerun mutum 20 ne, in sun cika ya tashi, babu ƙari.

Wannan shi ne abin da ya haɗa dukkan waɗannan birane. Wani na karɓar kati, wani tsaba, amma kowannensu farashinsa sananne ne, kuma akwai iyakar da ba a wucewa. Mu idan mun kalli bidiyonsu a YouTube, na'urar da ke ƙara muke gani, mu manta da ƙofar da ke rufewa idan jirgi ya cika.

Abin da baƙo zai tarar a wajenmu

Birnin Kebbi ba ta da jiragen haya na cikin gari irin na Legas. Amma jihar cike take da fito. Akwai kwale-kwalen da ke tsallakar da manoma zuwa gonakin shinkafa a fadamar Rima, musamman idan damina ta yi nisa ruwa ya shanye hanyoyi. Akwai manyan jiragen katako masu inji a kogin Neja, daga Yauri zuwa Ngaski, da yankin Bagudo har iyakar Benin, masu ɗaukar mutane da buhuna da babura ranar kasuwa. Akwai kuma jiragen biki: na Rigata a Yauri, da na kogin Matan Fada a Argungu.

Bikin Argungu ba ƙaramin abu ba ne. Tun 1934 ake yinsa, lokacin ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu, kuma a 2016 UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun gado na duniya. Baƙo zai sauka a filin jirgin sama na Sir Ahmadu Bello da ke Ambursa, ya kama hanyar Argungu, ya leƙa gidan tarihi na Kanta, ya ga masunta da homa da gora, ya kalli wasannin kabanci. Daga nan sai ya so ya hau ruwa da kansa ya ɗauki hoto. A nan ne zai gane cewa babu allon farashi, babu tikiti, babu wanda zai rubuta sunansa. Ciniki ne da baki, kuma kuɗin yakan tashi ko ya sauka gwargwadon shigarsa da irin Hausar da ke bakinsa.

Idan kuma ya ce zai yi tiransifa, sai wata matsalar ta ɓullo. Wurin da dubban mutane suka taru da wayoyinsu, sabis yakan toshe, domin kowace hasumiya tana da iyakar wayoyin da za ta iya ɗauka a lokaci guda. Kuɗi ya fita daga asusunka, alat bai shiga wayar matuƙi ba, ku tsaya kuna kallon juna a bakin ruwa. Duk wanda ya ga wahalar ƙarancin takardun naira a farkon 2023 ya san yadda wannan tsayuwar take. Baƙon da ya zo daga wata ƙasa kuwa nasa ya fi muni: ba shi da BVN, ba shi da NIN, saboda haka OPay da PalmPay da Moniepoint da muke taƙama da su ba nasa ba ne. Manhajar da ta dogara da data da asusun banki na Najeriya ta riga ta kore mutum biyu tun kafin a fara, wato baƙon ƙetare da tsohuwar da ke zuwa kasuwa da kuɗinta ƙulle a bakin zane.

Lissafin da ba mu taɓa iya yi ba

Duk wannan takaici ne, amma ba ya kashe kowa. Ga wanda ke kashewa.

Ranar 26 ga Mayu 2021, wani jirgin katako da ya taso daga jihar Neja zuwa Warrah a ƙaramar hukumar Ngaski ya nutse a kogin Neja. Waɗanda aka ceto da rai ba su wuce 20 da 'yan kai ba. Ka koma ka duba rahotannin wancan makon: wani ya ce mutum 160 ne a ciki, wani ya ce 180. Tazarar da ke tsakanin alƙaluman nan biyu mutane ne masu iyaye da 'ya'ya. A watan Yuni 2023, sama da mutum 100 suka rasu a yankin Patigi na jihar Kwara suna dawowa daga biki cikin dare. A watan Agusta 2025, wani jirgin da ya nufi kasuwar Goronyo a jihar Sakkwato ya kife, aka fara sanar da cewa sama da mutum 40 sun ɓace. Goronyo a kan Rima take, wannan dai ruwan da ke gangarowa ya wuce ta Argungu da Birnin Kebbi.

A duk waɗannan haɗurra, kalmar da ke maimaituwa a labarai ita ce “kimanin”. Kimanin mutum kaza. Masu ceto ba su san ranar da za su daina nema ba, saboda ba su san gawa nawa suke nema ba. Iyalai na yawo daga ƙauye zuwa ƙauye suna tambaya ko an ga ɗansu ya shiga. A tashar mota, idan za ka yi doguwar tafiya, ana miƙo maka takarda ka rubuta sunanka da lambar wani naka. Jirgin da ke ɗaukar ninkin fasinjan bas sau biyar, a kan ruwan da ba a ganin ƙasansa, shi ne ba a rubuta komai.

Dokoki kuma akwai su. Hukumar NIWA mai hedikwata a Lokoja ta hana tafiyar dare, ta hana lodi fiye da kima, ta wajabta sa rigar kariya. Tun 2023 ma akwai ma'aikatar tarayya ta musamman mai kula da harkokin ruwa. Sai dai jami'i ba zai tsaya a kowace mashiga ba, kuma ko ya tsaya, da ido zai ƙiyasta. A nan ne tikiti ke da amfanin da ya wuce karɓar kuɗi. Tikiti ƙidaya ne. Idan kowane fasinja yana da guda, kuma ba a iya fitar da fiye da adadin kujeru, to ka san yawan mutanen da ke ciki tun jirgi bai bar gaɓa ba.

Yadda nake ganin ya kamata a gina shi

Ga wanda ke son ya zauna ya rubuta wannan abu, ga sharuɗɗan da nake ganin ba a tsallake su.

Na farko, fasinja ba ya bukatar sauke komai. Manhajar tana wayar mutum ɗaya ne kawai, mai yankan tikiti a bakin ruwa. Ƙaramar Android mai araha ta isa, ko na'urar POS irin mai Android da ta riga ta cika kasuwanninmu, tunda tana da firinta a jikinta.

Na biyu, dole ta yi aiki babu intanet. Kowane jirgi a yi masa rajista sau ɗaya: sunan mai shi, lambarsa, da adadin mutanen da aka amince ya ɗauka. Ana ajiye wannan a cikin wayar, a ƙaramin rumbun bayanai irin SQLite. Mai tikiti ya buɗe tafiya, ya shigar da sunan fasinja da lambar wani nasa, ya fitar da takarda mai lamba. Idan sabis ya dawo, wayar ta tura komai zuwa saba. Wannan ba sabuwar dabara ba ce. Katin Oyster ma a jikinsa yake riƙe da ragowar kuɗinsa, shi ya sa ƙofar ke buɗewa nan take ba tare da jiran amsa daga nesa ba.

Na uku, idan adadi ya cika, maɓallin ya mutu. Babu “ƙara mutum ɗaya”, babu lambar sirrin da oga zai shigar ya buɗe. Yaro ma a ƙirga shi, ko da ba ya biya. Kaya masu nauyi kamar babur da buhun shinkafa su ci gurbin mutum, domin ruwa nauyi ya sani, bai san kai nawa ba ne.

Na huɗu, kafin jirgi ya tashi wayar ta tura gajeren saƙon tes zuwa mashigar da za a sauka da kuma wani jami'i guda: lambar jirgi, lokacin tashi, yawan mutane. Tes yana fita ko da sandar sabis ɗaya ce ta 2G, kuma haruffa 160 sun ishi wannan bayani har da saura. Idan lokacin isowa ya wuce ba a ga jirgi ba, akwai wanda ya sani, kuma ya san mutum nawa zai nema.

Na biyar, lambar tikiti ta zama lambar rigar kariya. Tikiti na 14, riga ta 14. Jirgin da ke da riguna 25 ba zai sayar da tikiti 26 ba.

Sai a ƙarshe maganar biya ta shigo, kuma a bar ta a buɗe: tsaba, tiransifa, USSD, kati, duk wanda ya samu. Manhajar ta rubuta cewa an biya, ta wace hanya, shi ke nan. Ga baƙo kuma, abin da zai fi yi masa amfani bai kai kuɗin katin waya ba: allo a bakin ruwa mai farashin kowace tafiya da Hausa da Turanci da Faransanci, saboda maƙwabtanmu na Nijar da Benin. A liƙa lambar QR a gefe mai buɗe shafi mara nauyi da ke nuna farashin, lokutan tashi, da lokacin da ake rufe ruwa. A lokacin bikin Argungu, ana iya sayar da tikitin yawon ruwa tun daga otal ko ƙofar filin biki, inda sabis ke da ƙarfi kuma katin baƙo zai fi samun na'urar da za ta karɓe shi, ya zo bakin ruwa da takardarsa a hannu.

Abin da za a ce, kuma da gaskiya a ciki

Matuƙi zai ce an rage masa abinci. Kada mu yi saurin kiransa mai haɗama. Mu ɗauki misali: jirgi mai kujera 30, kowa na biyan naira 500, ya tashi da 15,000. Idan ya ƙara mutum 10, ya samu ƙarin 5,000 a kan man da zai ƙona ko da bai ƙara kowa ba. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayu 2023, sau da yawa wannan ƙarin shi ne ribarsa gaba ɗaya. Manhaja ba ta canza wannan lissafi. Idan ana son ya daina obalodi, dole a zauna da ƙungiyar masu jirage a tsayar da farashin da zai fitar da shi a kan adadin halal, kuma dokar ta hau kan kowa a mashigar lokaci guda. In ba haka ba, mai bin doka ne zai yi asara, fasinja su koma wajen wanda ke ɗiban kowa a farashi mai rahusa.

Wani zai ce da zarar an fara rubuta kowace tafiya, gobe za a zo da haraji. Wannan tsoro ne mai tushe, kuma shi kaɗai ya isa ya kashe tsarin. Shi ya sa nake ganin bai kamata ya shigo a matsayin na'urar tara kuɗin shiga ba. Kuɗin fito ya tafi kai tsaye hannun mai jirgi. Abin da ke zuwa wajen hukuma shi ne adadi da sunaye, don ceto. Kuma a shigo da shi ta hannun waɗanda masu jirgi ke jin maganarsu. A Argungu babu mai jefa homa ranar biki sai Sarkin Ruwa ya ba da izini. Masarautun Argungu da Yauri da Gwandu suna da masu sarautar ruwa da suka san kowane jirgi da mai shi. Tsarin da ya zagaye su zai ƙare a cikin kwali.

Akwai kuma batun sirri. Tara sunaye da lambobin waya amana ce, kuma dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta hau kan duk mai tara su. Mafita mai sauƙi ce: kada a karɓi abin da ba a bukata, kada a nemi NIN, kuma manhajar ta goge sunaye da kanta bayan 'yan kwanaki idan jirgi ya isa lafiya, ta bar adadi kawai.

Na ƙarshe shi ne wanda aka fi faɗa: ajali idan ya zo babu makawa. Haka ne, babu musu. Amma wanda ya faɗi haka yana kulle shagonsa da dare, yana sa wa wayarsa lambar sirri. Sanin yawan mutanen da katako zai iya ɗauka yana cikin kama sababi.

Idan kai ne baƙon, kafin a gina komai

Duk wannan ba zai samu gobe ba, kuma mutane za su ci gaba da hawa ruwa. Idan za ka je Argungu ko Yauri, ko kana da baƙon da za ka raka, ka riƙe ƙananan takardun kuɗi, ka kuma tsayar da farashi kafin ka sa ƙafa a jirgi, ka tabbatar ko na zuwa ne kaɗai ko har da dawowa. Ka nemi rigar kariya, in babu ka haƙura da hoton. Ka dubi gefen jirgin: idan ruwa ya kusa kai bakinsa tun ana lodi, ka sauka, ko da ka riga ka biya. Kada ka yarda da tafiyar bayan magariba. Ka ɗauki hoton jirgin ka tura wa wani naka tare da wurin da kake ta WhatsApp, ko ka yi masa tes idan data ta ƙi. Ka sauke taswirar yankin a Google Maps tun kana gari, ka sa wayar a leda mai zif. Wannan saƙon da ka tura shi ne takardar sunanka, tunda babu wanda zai rubuta maka ita.

Ga 'yan uwana masu rubuta manhaja

Na san abin da ke ja mu zuwa manhajar biya: tana da kyau a hoto, ana iya nuna ta a gasar fasaha, kuma akwai kamasho a kowace naira da ta wuce. Manhajar ƙidaya ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Allonta baƙi da fari ne, mai amfani da ita wani bawan Allah ne a ƙarƙashin rumfar kara, kuma ranar da ta yi aikinta sosai babu wanda zai ji labari, domin jirgi ya isa lafiya. Amma ita ce ake bukata, kuma ba ta fi ƙarfin matashi ɗaya mai tsohuwar laftof a Badariya ko Gesse ba.

Kada a fara da jiha gaba ɗaya. A zaɓi mashiga ɗaya, jirage biyar, waya ɗaya. A je a zauna da masu jirgin ranar kasuwa, a ga yadda lodi ke gudana kafin a rubuta layin farko. A gwada a ranakun da babu cunkoso, a gyara, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Idan ta yi aiki a can, bikin Argungu ne wurin da ya fi dacewa a nuna ta, a gaban baƙi da hukumomi da 'yan jarida. Daga baya a ɗora mata kati mai taɓawa da duk wani kwalliyar da ake so. Amma ranar da wani abu ya faru a kan ruwa, Allah Ya kiyaye, mai magana da 'yan jarida ya iya cewa mutum 28 ne a ciki, ga sunayensu, ga lambobin iyalansu.